Aiki a Fadama, Umarni daga Tudu

Tun 1974, shekarar da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, ruwan da ke isowa Haɗeja ya daina bin dokar damina ita kaɗai. Da aka ƙara madatsar Challawa a 1992, sai mafi yawan abin da ke gangarowa daga ƙasar Kano ya koma jiran hannun ɗan Adam: wani ya buɗe ƙofa, wani ya rufe, wani ya duba ma'auni ya rubuta a littafi. Mai shinkafa a Auyo, masunci a Guri, Bafulatanin da ke sauko da shanunsa fadamar Baturiya in rani ya yi, kowannensu abincinsa ya rataya a kan aikin waɗansu mutane da bai san sunansu ba. An sha yin rubutu a kan madatsun, da ciyawar kacala da ta cinye hanyoyin ruwa, da ambaliyar da ba ta cika saɓa alkawari ba. Abin da ba a cika tonawa ba shi ne irin zaman da su ma'aikatan suke yi a wuraren aikinsu: makanikai, masu walda, 'yan safiyo, direbobin katafila, da yaran da ke riƙe musu sanda da igiya.

Cikinsu na yi ƙuruciyata, kuma na shigo ne a kan gaɓa. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976 da hedkwatarta a Kano, ta taso ne a zamanin da kuɗin mai ya wadata, gwamnati tana yin kusan komai da hannunta. Dattawan da suka yi aikin gwamnati a wancan lokaci labarinsu ɗaya ne: gidan kwana, albashi a kan kari, ƙarin girma in lokacinsa ya yi. Sai tsarin tsuke bakin aljihu ya zo a 1986, a 1987 kuma dokar soja ta rage wa hukumomin koguna aiki, aka ce su bar noma su tsaya a kan ruwa. Aikin bai ƙare ba, hannu ya sauya. Da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, sabuwar jiha tana neman rijiyoyi da kwalbatoci da hanyoyi, ga shirin Fadama na Bankin Duniya ya biyo baya a 1993 da ƙananan injinan ban-ruwa, sai kamfanonin injiniyoyi suka yi ta tsirowa. Wani yana da katafila biyu, wani ba shi da komai sai jakar hannu da sanayya.

Namu yana tsakiya. Kamfani ne mai zaman kansa, ba zan kama sunansa ba, ya ma daɗe da naɗe tabarmarsa. Muna haƙa rijiyar burtsatse, muna girka manyan injinan ban-ruwa muna kula da su, muna yashe magudana, in an samu kwangilar jinga mu yi. Mai kamfani yana birni, sai a yi wata biyu ba a ga ƙeyarsa ba. A Haɗeja akwai gidan haya da aka mai da ofis, da fili a bayansa inda injina ke kwana, da manaja wanda kowa ke kira Injiniya. Akwai wasu injiniyoyi biyu a ƙarƙashinsa, amma in yana kusa da sunayensu ake kiran su. Babu wayar hannu a wajenmu a lokacin, sai 2001 ta GSM ta shigo ƙasar. Saƙo a bakin direba yake tafiya birni, direba kuwa ya san irin saƙon da ake ba da goro a kansa da irin wanda ake yi wa tsawa.

Babban makanikinmu dattijo ne, Baba muke ce masa. Bai yi boko mai nisa ba, a hannun Turawan da suka yi manyan ayyukan ƙasa a Kano ya koyi aiki. In zai duba inji, sai ya ɗora bakin sukudireba a jikin ƙarfen, ya kanga ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Wata safiyar hunturu, a wani filin alkama da muke ba ruwa, ya saurari babban injin bakin kogi haka nan, ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce boris ya fara ci. In ba a canza shi a cikin mako ba, zai tafi da sandar injin gaba ɗaya.

Ranar Litinin a taron safe ya miƙe.

"Ranka ya daɗe, injin nan na bakin kogi yana kuka. Boris ne. Yanzu kuɗinsa kaɗan ne."

Injiniya bai ɗago daga takardar da yake dubawa ba. "Baba, a wane littafi ka karanta?"

Aka yi dariya, har da waɗanda suka san gaskiyar dattijon, don dariya a irin wannan wuri ita ma aiki ce. Injiniya ya jawo littafin da masu ƙera injin suka haɗo da shi, ya nuna layin da ya ce sai inji ya yi awa kaza kafin a taɓa boris, kuma bai yi ba. Wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa ganin ƙurar hunturun Haɗeja ba, bai san yashin da ruwanmu ke ɗauke da shi ba. Baba bai faɗi haka ba. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka," ya zauna.

Injin ya tsaya daidai lokacin da alkama ke fitar da kai, lokacin da ƙishin 'yan kwanaki ke mai da zangarniya ƙaiƙayi. Kayan gyara sai an je Ƙofar Ruwa a Kano, kuɗin zuwa kuma sai mai kamfani ya sa hannu. Manoman ba su san hanyar ofis ba, Baba suka sani, shi suke gani kullum da baƙin mai a hannu, don haka ƙofar gidansa suka cika. Rahoton da ya tafi birni ya ce sakacin makaniki ne. Aka ba shi takardar tuhuma, aka riƙa yanka a albashinsa.

Asarar alkamar ta wuce da kakarta. Abin da ya zauna shi ne daga ranar Baba bai ƙara cewa inji yana kuka ba. Yana ji, yana sani, in ka tambaye shi sai ya ce, "Yana nan dai, Allah ya kyauta." Mu da ke tasowa a ƙarƙashinsa muka ɗauki karatun, ba tare da wani ya zaunar da mu ba.

Akwai wani aikin da ya fi wannan damuna har yau, don ba wanda ya ga ranar da ya lalace. An ba mu sa ido a kan tsawon ruwa a waɗansu wurare: sanduna masu lamba kafe a bakin kogi, a karanta safe da yamma, a rubuta. Aka sa yaro ɗaya da babur. Kuɗin mai yana cikin lissafin kwangila, amma ba ya sauka ƙasa. Yaron sai ya je kwana biyu da kuɗin aljihunsa, sauran kwanakin ya zauna gindin darbejiya a bayan ofis ya cike layukan da ka. Lambobinsa kuwa gwanin kyau, suna hawa a hankali suna sauka a hankali, sun fi kogin kansa tarbiyya. Injiniya ya sani. Abin da ba ya so ya gani shi ne layi fayau babu rubutu, don layi fayau yana jawo tambaya daga masu aikin, cikakken layi kuwa ba ya jawo komai. Lambobin nan sun shiga rahoto, rahoto ya shiga kabad, kuma wata rana wani injiniya da bai san mu ba zai buɗe shi ya auna faɗin kwalbati ko tsawon jinga da su. Duk wanda ke wannan sana'a a yankin nan yana tune da fashewar madatsar Bagauda a 1988, ya san ƙasa da ruwa ba sa duba sa hannun manaja.

In aka zauna ana irin wannan hira, mutane sun fi son su ce al'adarmu ce: kunya, kawaici, girmama na gaba. Rabin maganar kawai na yarda da shi. A maƙera yaro yana yin shiru a gaban maigidansa saboda maigidan ya fi shi sanin ƙarfe. Sarkin ruwa, duk girmansa, yana tambayar wanda ya dawo daga kogi da asuba abin da ya gani. A kamfaninmu girma daga wani wuri yake zuwa. Mai digiri yana sama da mai babbar difloma ko da na biyun ne ke koya masa riƙe na'urar awo, mai difloma yana sama da mai aikin hannu, sannan dukansu suna ƙasa da mai kula da sito, don shi ƙanin matar mai kamfani ne, ba mai iya tambayarsa inda gas ɗin janareto yake shiga. An ari ladabin da muka taso da shi a gida an ɗora shi a kan wani tsari da bai san darajarsa ba.

Shi ma Injiniya ba shaiɗan ba ne, wannan sai da na girma na gane. Yadda muke tsoronsa haka yake tsoron mai kamfani. Albashinsa shi ma yana makara. Mai kamfanin kuma yana can yana zaryar ofis-ofis, yana bin kuɗin aikin da aka gama tun bara. Kowa a layin nan ya koyi cewa mummunan labari a kan wanda ya kawo shi yake faɗawa, sai kowa ya tare shi a wajensa ya tura mai daɗin gaba. Abin kuma bai tsaya a ƙasar Hausa ba. Ran 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse da mutum 7, bayan injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokinsa sun yi gargaɗi a daren jajibiri cewa sanyi zai iya hana robar da ke toshe gaɓoɓin yin aikinta, manajoji suka bi ta kan maganar. Sai dai can an kafa kwamitin bincike, an kira injiniyoyin sun yi bayani, abin da suka faɗa yana rubuce. Maganar Baba ba ta shiga ko takardar taron Litinin ba.

Batun albashi ba sai na daɗe a kansa ba, duk wanda ya yi aikin ɗan kwangila ya san shi. Wata uku shiru, sannan a ba da na wata ɗaya ana jiran godiya. Da Sallah mota ta zo daga birni da buhunan shinkafa da turamen atamfa, a tara mu a yi wa mai gida addu'a, wanda ya tuna da bashin albashi a wannan rana ya zama butulu. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku. Akwai waɗanda suka tsufa a filin nan ba su taɓa riƙe irin wannan takarda ba. Wani lebura injin haƙa ya cinye masa yatsu biyu, aka biya kuɗin asibiti, aka ce ƙaddara ce, da ya warke aka ce babu gurbi. Dokar fansho ta 2004 da ta diyyar ma'aikata ta 2010 sun zo daga baya, kuma sun fi saurin isa manyan ofisoshi fiye da bakin kogi.

Kwangilar da ta fi nuna mini kamfanin tsirara ita ce ta kacala. Kafin madatsun, kogin yakan cika da damina ya malale fadama, da rani ya janye har waɗansu rassan su bushe ƙaf a taka da ƙafa. Bushewar nan ce ke hana kacala sakewa. Da aka fara sakin ruwa rani da damina, saboda noman rani na Kadawa da Kura da ruwan shan birnin Kano, sai ta samu abin da take so, wato ruwa marar zurfi da ba ya yankewa. Ta riƙe laka, laka ta taru, hanya ta shaƙe. Rassa irin su Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ta Marma zuwa wajen Nguru, gonaki da makiyaya suka nutse a wani gefe, wani gefen ya koma ƙishi. Cikin kacalar jan-baki ke kwana su wayi gari a gonar shinkafa, sauro kuma ba a magana.

Aka ba mu yashe wani reshe. Masuntan ƙauyen da muka sauka sun gaya wa fomanmu abu uku tun daren farko, ana shan shayi. In ka yanke kacala a saman ruwa, aski ka yi mata. Sai a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, ta rasa numfashi ta ruɓe. A fara daga ƙasa a hauro, don ruwa ya samu mafita. Kada kuma a jibge abin da aka kwaso a bakin gaɓa, ruwan farko zai mai da shi inda ya fito. Foman ya kai maganar ofis da ladabinsa. Amsar da ya samo gajera ce: masu duba aiki a mota suke zuwa, motar kuma a gada take tsayawa, don haka daga gada za a fara. Muka share abin da ido ke iya kaiwa daga kan gada, ruwa ya yi fes, aka ɗauki hoto, aka biya. Damina ɗaya ta mai da wurin yadda muka same shi. Daga baya mutanen ƙauyukan da kansu suka riƙa yin gayya da lauje da kwalekwale, suna tsaye cikin ruwa har ƙirji, suna yi yadda suka faɗa mana tun farko.

Yau in na bi ta Auyo ina ganin abin da ya sauya, kuma ba ƙarami ba ne. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya sa an gyara aikin noman rani na kwarin Haɗeja, Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe shi a Janairun 2023. A irin waɗannan manyan ayyuka hular kwano da takalmin aiki sun zama kayan sawa na kullum. Mu a zamaninmu a sito suke kulle, sai ranar da manya za su zo a fito da su, a shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa, manya na juya baya a karɓe a ƙirga. Manoma sun kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, suna da bakin magana. Waya ta kashe sarautar direba: yaron da ya ga jinga tana tsatsa zai iya ɗaukar hotonta ya tura, ba sai ya bi ta kan kowa ba. A ambaliyar 2020 da ta 2022, da matasan Haɗeja suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare ruwa, ba wanda ya tsaya tambayar takardar shaidar mai cewa ga inda za ta ɓalle.

Amma wayar da ke kai hoton tsatsa ita ce ke kawo umarnin manaja da ƙarfe goma sha ɗayan dare a zauren WhatsApp, kowa ya amsa da "To, Yallaɓai" don a ga sunansa. Littafin da ake cikewa a gindin darbejiya ya koma hoto mai ɗauke da kwanan wata, hoto kuwa daga gefen da ya yi kyau ake ɗaukarsa. Aikin dindindin ya ja baya, yawancin samarin da ke fitowa daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da makamantanta ana ɗaukar su ne na wata shida, in aiki ya ƙare a ce sai an neme ka. Mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000 a 2024, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma masu ƙananan kamfanoni sun iya ƙirga.

Babban sauyin a ganina ƙofar fita ce. Baba ya haɗiye takardar tuhuma ne don ba shi da inda za shi. Manyan injina a hannun kamfanoni da gwamnati kawai suke. Yanzu kowace fadama cike take da ƙananan injina na manoma, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 masu hali suka fara komawa sola. Duk yaron da ya iya haɗa faranti da famfo, ya iya gano inda waya ta ƙone, yana da kasuwa daga Kafin Hausa har Kiri Kasamma. Manaja ya daka masa tsawa da safe, da yamma ya kama rumfa a bakin hanya. Na yi murna da wannan. Sai dai abin da ya sani game da injinan kamfanin da shi yake tafiya, ba wanda ya rubuta, ba wanda ya nemi a rubuta, wanda aka ɗauka a gurbinsa daga farko zai fara.

Ɗan ƙanwata yana cikin waɗanda suka fita. Ya yi aiki da wani kamfanin girka sola, ya gaya musu wayar da suke sayowa ta yi siriri ga nauyin da ake ɗora mata, aka ce masa ba a ɗauke shi don ya yi lissafin kuɗi ba. Da ta ƙone a gonar wani Alhaji, sunansa aka kira. Ya ajiye musu makullin babur, yanzu yana da shagonsa da yara biyu, aiki har yana yi masa yawa. Kwanan baya na zauna a bencinsa ina kallo, ƙaramin yaron ya ce masa a ganinsa farantan da za su kai wata gona ba za su ja famfon ba in hazo ya sauko. Ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Yaushe ka zo?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ci gaba da naɗe waya.

Da suka fita ɗora kaya na tambaye shi nawa yake biyan su, ko ya rubuta musu wani abu.

Ya yi dariya. "Haba Kawu, ai koyo suke."